Taga a Kuncin Mai Garma

Duk wanda ya san Eudald Vilardaga a Barcelona ya san shi da son sani. Ba ya iya wuce ƙofa a rufe ba tare da ransa ya tsaya a bakinta ba. Ranar Alhamis ce ranarsa, domin a ranar jarida ke fitar da shafinsa na sharhin zane-zane. Tun da sanyin safiya masu zane ke fita neman jaridar, wasu su karanta a tsaye, wasu kuwa sai sun nemi kujera tukuna, don sun san alƙalaminsa ba shi da kunya. Ya kuma rubuta littafin labari guda a kan mutanen tsaunuka, wanda ya sa matan birni zubar da hawaye, ya sa samari masu dogon gashi suna tare shi a titi don su gaisa da shi. A cikin littafin nan mutanen tsauni ba su cika magana ba. Zaune suke kamar kututture a inuwar duwatsu, ba su san kyau ba, ba su san kansu ba. Haka ya gan su a hutun bazara uku da ya yi a can, akasari daga bayan alfadari.

A kakar shekarar da ake wannan labari, sabon ƙarni bai daɗe da kamawa ba, birni ya shirya baje kolin tsofaffin zane-zanen da ke ɓoye a majami'un ƙauyuka, aka kuma damƙa wa Eudald zaɓen abin da za a rataya. Amalanke sai sauke alluna suke yi, masu warin kyandir da kashin jemage. A cikinsu ne aka kawo wani allo daga ƙauyen Grevolar, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Waliyyin manoma ne a jiki, riƙe da sandar korar shanu, garma a gefen ƙafarsa. Mutanen ƙauyen Mai Garma suke ce masa.

Ranar da aka kwance bargon da aka naɗe shi, Eudald ya durƙusa a ƙasa ba tare da ya sani ba. Bayan waliyyin zinariya ce zalla, an huda mata ƙananan furanni da kan ƙusa. Rigarsa shuɗi ne irin wanda aka daina yi tun shekara ɗari huɗu. Hannuwan kuwa, kai, hannuwan! Dogayen yatsu masu laushi, sun riƙe sandar kamar za ta ji ciwo. Sai ya ɗaga ido zuwa fuskar, ya miƙe tsaye kamar wanda kunama ta harba. Wani ƙaton ƙauye ne ke kallonsa: kumatu jawur, hanci a karkace, giɓi a baki, duk an lafta da fentin da ake shafa wa ƙafar amalanke.

Alhamis ɗin da ta biyo baya ya rubuta cewa wani jaki ya tsoma wutsiyarsa a fenti ya rufe fuskar da babban gwani ya zana. Ya kuma yi alkawari da baƙaƙen haruffa: ranar Lahadin buɗe baje koli, Barcelona za ta ga fuskar gaskiya. Ya samo takardar izinin wankewa daga ofishin bishop. Saura aikin wuƙa.

Ranar Litinin da hantsi yana tsaye a ɗakin gyara, a bayan Mestre Climent, wato Gwani Climent, tsohon da ya shekara arba'in yana wanke zane har ƙwayar idonsa ta koma kamar ta mujiya. Climent ya zaɓi kuncin hagu, kusa da kunne, ya zana ɗan murabba'i da bai fi farcen babban yatsa ba. Taga suke ce wa irin wannan. Ya jiƙa auduga a barasa ya dangwala, ya jira, ya sa ƴar wuƙarsa.

"Senyor Eudald, in za ka ci gaba da hura min iska a ƙeya, to ka biya ni kuɗin mura."

"Me ka gani?"

"Na ga inuwar kanka. Matsa."

Eudald ya matsa taku ɗaya, ya dawo taku biyu. Jan fentin yana ɗagowa kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashinsa wani launi ya leƙo, fatsi-fatsi, da wani baƙin ɗigo a tsakiya. Ya fizge gilashin ƙara girma daga hannun tsohon ya sunkuya.

"Wannan ba shi ba ne," ya ce. "Wannan ma fentin mai ne. Bai kai shekara ɗari ba."

"Jaki biyu ke nan," in ji Climent. Ya juya allon a hankali ya sa shi a gicciye da hasken taga. "Zo ka duba ta nan. Ban so in faɗa maka jiya ba, don kar ka hana ni cin abincin rana."

Ta gefe, fuskar ta tasa sama da sauran allon da kaurin ɗan yatsa. A bakin haɓa, inda fenti ya ɗan ɓantare, ana ganin layi a kan layi, kamar gefen littafi a rufe. Eudald ya fara ƙirgawa da kan fensir. Ya kai shida, ya ɓace, ya sake farawa, ya kai bakwai.

A nan ne mai gadin ƙofa ya leƙo ya ce ga wata tsohuwa ta ƙi tafiya, ta ce ita dai mijinta ta zo gani.

"Ba mijin kowa a nan," in ji Eudald, bai ko waiwaya ba.

"Ga shi can kuwa, kun kwantar da shi a gicciye kamar naman alade a kanti."

Ta riga ta shigo. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin mayafi, da takalman igiya da suka sha taɓo, da kwando a hannu. Ta wuce su kamar ginshiƙai ne, ta tsaya gaban allon, ta karkata kai daidai da karkatarsa.

"Sadurní," ta ce, "ka ga birni dai. Kai da ko garin kasuwa sai an ja ka."

Climent ya tura mata kujera. Ta ce sunanta Madrona, daga Grevolar, ta taso tun jiya da asuba, rabin hanya a alfadari, rabi a jirgin ƙasa, kuma ba ta ga abin da mutane ke yabo a jirgin ba. Sai idonta ya faɗa kan tagar.

"Wa ya yanke shi?"

"Ba yanka ba ne, padrina," in ji Eudald, yana kiranta yadda ake kiran tsofaffin mata a tsauni. "Dubawa muke yi. A ƙarƙashin wannan fuskar akwai..."

"Akwai Ponç mai niƙa. Sai ka huda mutum kafin ka sani? Da ka tambaya." Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon. "Ga ta nan kuwa, tawadar Allah da ke kuncinsa. Har gashi uku gare ta. Muna yara in ya kama mu muna satar ƴaƴan itace a bayan injinsa, ita muke kallo tana rawa yana zagi."

Eudald ya jawo akwati ya zauna a gabanta, ya zaro littafin aljihunsa, kamar ɗalibi.

Ta yi masa bayani a gajarce, cikin mamakin cewa akwai babban mutum mai gemu da bai san wannan ba. A Grevolar kullum akwai mutum ɗaya mai kula da Mai Garma: shi ke riƙe makulli, shi ke zuba mai a fitila, shi ke kaɗa ƙararrawa in hadarin ƙanƙara ya taso. In ya mutu, kafin a binne shi, mai fenti zai zo ya dubi gawar, ya ɗora fuskarsa a kan ta waliyyi. Daga ranar shi ke gadin gonaki daga cikin allo, har wanda ya gaje shi ya mutu ya karɓe shi.

"To ƙarƙashin Ponç fa?"

"Magí. Kakata ta san shi, ta ce rowa gare shi har a fenti. Ƙarƙashinsa wanda sojojin Faransa suka harbe a bakin rijiya, ba na tuna sunansa. Daga nan kuma sai Allah."

"Amma can ƙasa, padrina, a jikin katakon. Fuskar farko tana nan? Ba su kankare ta ba kafin su ɗora ta biyu?"

"Ina nan aka yi? Shekarata saba'in da huɗu, ba ɗari huɗu ba."

Climent ya yi dariya har sai da ya tari. Eudald bai yi ba. Wani tausayi ne ya cika masa ƙirji, irin mai daɗin nan da marubuta ke so. Ga tsohuwa ta keto duwatsu don ta ceci fuskar mijinta, kamanninsa guda ɗaya tak a duniya! Har ya fara jin yadda jimlolin za su zauna a takarda. Ya kama hannunta mai kaushi ya ce ya fahimta, wallahi ya fahimta. Gobe zai kawo mai ɗaukar hoto mafi gwaninta a birni, a ɗauki Sadurní, a sa shi cikin gilashi, ta rataya a ɗakinta ta riƙa ganinsa har ƙarshen ranta.

Ta zare hannunta ta dube shi yadda ake duban wanda rana ta daka.

"In yi me da shi? Shekara talatin da ɗaya ina buɗe ido in ga wannan hancin a kan matashi. Shekara ashirin da biyu kuma ina ganinsa duk Lahadi, yana kallona ko na yi gyangyaɗi. Ya ishe ni, senyor. Ni zuwa na yi in tafi da shi a rufe shi."

"A rufe shi?"

"Baldiri ya mutu ranar Asabar. Shi ya karɓi makulli daga hannun mijina. Da muka je ɗauko allo sai muka tarar da ƙusa a bango. Sabon fada, limamin majami'armu, ɗan kwari ne ba ɗan tsauni ba, bai san komai ba, ya ba da aronsa ina can wajen jikata ina taya ta haihuwa. Yanzu Baldiri na kwance a ɗakin cukuna, can ya fi sanyi. Mai fenti ya ce zai kai Alhamis, amma hancinsa ba zai wuce nan ba."

Eudald ya dubi Climent, Climent ya dubi rufin ɗaki.

"Padrina," ya ce a hankali, "kina nufin a ƙara wani fenti a kan wannan? A kan zanen da ya shekara ɗari huɗu?"

"A kan Sadurní. Mutum ya yi gadi shekara ashirin da biyu, ido a buɗe, rani da damina. Ƙanƙara sau biyu kawai ta taɓa mu, kuma ɗaya laifin Baldiri ne, ya bugu bai kaɗa ƙararrawa ba. Bai isa ya kwanta ba? Duk ƴan uwansa an lulluɓe su, sai shi za a bari a tsaye?"

"To ai in muka cire shi, ya huta ke nan."

"Kai!" Ta buga kwandon a ƙasa. "Kai in ka gaji, bargo ake ja maka, ko fata ake feɗe maka? Rufewa daban, kankarewa daban. Ina za ku kai abin da kuka kankare? Cikin wannan?" Ta nuna kwanon da ke ƙafar Climent, cike da ƙazamar auduga. A kan audugar akwai ɗan ja-ja, kuncin mijinta. Ta sunkuya da ƙyar, ta tsince ta, ta ƙulle a bakin mayafinta.

Daga waje ana jin ƙararrawar tarago yana wucewa.

Eudald ya ja Climent zuwa bakin taga. Cikin raɗa ya tambaye shi kwana nawa zai kai can ƙasa, ga fuskar farko.

"Uku, in ba ka tsaya a kaina ba. Takarda tana hannunka, ba mai hana ka. Tsohuwa za ta yi kuka ta koma."

"Akwai ta kuwa? Fuskar farko?"

"Na taɓa tona irin wannan na sami mala'ika. Na taɓa tonawa na sami katako da ramin gara. Kai ne masani, ni ɗan wanki ne."

"Ba za a iya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ba, a ajiye kowa daban?"

"Ka taɓa raba man shanu da burodi bayan an shafa?"

Ya fita farfajiya ya yi ta kai da kawowa a ƙarƙashin itatuwa, ganye na zuba a kan hularsa. Magana zarar bunu ce, tasa kuwa an buga ta a kwafi dubbai. Ya san abin da zai biyo baya in Lahadi ta zo babu fuska. Ya san teburin da za a zauna a gidan gahawa, ya san wanda zai fara cewa Vilardaga ya yi alkawarin waliyyi ya kawo ƙusa, ya ma san mai zanen barkwancin da zai zana shi da kunnuwan jakin da ya ambata. Wannan duk zai iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne hannuwan nan. Mutumin da ya zana yatsu haka, wace irin fuska zai zana? Kaurin ɗan yatsa ne kawai tsakaninsa da amsa, kuma tun da yake bai taɓa zuwa kusa da abu haka ya juya ba.

Amma yana cikin tafiyar sai ya lura wasu tambayoyin sun shigo masa ta bayan gida, sun ƙi fita. Yaya mai fentin yake yi? A gaban gawar yake zane, ko dubawa yake ya koma? Idon mamaci a rufe yake, daga ina yake samo kallon? Me ya sa aka bar wa Sadurní giɓinsa, ba a yi masa gata an cike ba? Ya rubuta shafi ɗari uku a kan mutanen nan, ya rantse wa duniya ba su san abin da ake kira zane ba, alhali suna can suna yin wani abu da zane wanda bai taɓa karantawa a littafin Faransanci ko na Jamusanci ba. Ƙofa biyu ne a gabansa, kuma duk wadda ya buɗe, ɗayar ta rufe ke nan har abada. Ya tsaya ya cire hularsa.

Da ya koma ya tarar da su biyun suna cin burodi da cukun da ta fito da shi daga kwando.

"Ba daga ɗakin da Baldiri yake ba dai?" in ji Climent, da lomarsa a baki.

"Ɗakin cuku nawa kake tsammani gare ni?"

"Mestre," in ji Eudald, "naɗe shi. Padrina, zan ba ki mijinki, amma da sharaɗi. Da ni za a tafi, kuma zan tsaya in ga komai."

Ta dube shi daga gemu har takalmi mai sheƙi. "Da waɗannan? To, alfadari zai sha dariya."

Sun isa Grevolar ranar Laraba da la'asar, allon ɗaure a bayan alfadari ɗaya, Eudald a bayan wani, ƙafafunsa sun daina jin nasa ne. A tashar jirgi ya aika wa jarida layi uku cewa shafin Alhamis ba zai fito ba. Bai ba da dalili ba, don bai san yadda zai faɗe shi ba tukuna.

Washegari da rana ta leƙo kan dutse aka jingina allon a shirayin majami'a, inda haske ya fi. Mutanen gari sun tsaya nesa kaɗan, maza da jajayen huluna a hannu. Mai fentin ya iso da akwatinsa a kafaɗa, wani ƙaƙƙarfan mutum mai kimanin shekara hamsin, farcensa kowanne da launinsa. Quirze sunansa. Shi ke fentin amalanke da allunan shaguna da akwatunan gawa a ƙauyuka biyar.

"Kai ne na jarida?" ya ce. "Fada ya karanta mana. Ni ne jakin."

Eudald ya ji fuskarsa ta ɗau zafi har kunne. Ya buɗe baki.

"Bar shi, senyor. Shekarata ashirin da shida lokacin, hannuna na karkarwa, ga matarsa tsaye a kaina. Kumatun sun yi ja da yawa, na sani. Amma hancin, tambayi kowa."

"Hancin shi ne," in ji wani tsoho daga cikin taron, sauran suka gyaɗa kai.

Aikin farko na Madrona ne. Aka kawo mata ruwa a kasko. Ta jiƙa farin ƙyalle ta shiga goge fuskar, goshi, idanu, gefen baki, yadda ake wanke yaro mai zazzaɓi. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa. Eudald ya so ya ji, ya matso, sai kunya ta kama shi ya ja baya. Abin da ya tsinta kawai shi ne, "...rufin ma an gyara, ba sai ka damu ba." Da ta gama ta kwance bakin mayafinta, ta miƙa wa Quirze ƴar audugar nan, ya jefa ta cikin farin da yake kwaɓawa ba tare da tambaya ba.

Quirze ya ɗauko ƴar wuƙar cike rami, ya tsaya a kan tagar. Ya daɗe yana kallon tawadar Ponç. Sai ya juya wuƙar ya miƙa wa Eudald ta wajen ƙota.

"Ramin ya riga ya buɗe. In kana so ka ƙara zurfi a nan kawai, ƙara. Zan cike, ba wanda zai gani."

Eudald ya karɓa. Bai san lokacin da ya karɓa ba. Ya dubi Madrona, yana jiran ta daka masa tsawa.

"Ni ma na sha tambayar kaina wa ke can ƙasa," ta ce, ta ɗan matso. "Musamman in huɗuba ta yi tsawo."

Kawunansu uku suka haɗu a kan wurin da bai fi farce ba. Ya ɗora kan wuƙar a gefen baƙin ɗigon. Ya san abin da zai samu in ya danna: ɗan launi kamar ƙwayar gero, na Magí marowaci, sannan na wanda aka harbe a bakin rijiya, sannan wani, sannan wani. A can ƙasa ko dai launin fata ko katako. Ko da fata ce, kunci kawai zai gani, ba ido, ba baki, kuma kafin ya kai sai ya bi ta cikin mutum shida. Ya ji wuƙar ta yi masa nauyi kamar garma. Ponç kuwa, da gashinsa uku, kamar yana shirin zagi.

Ya ɗaga hannu ya mayar da wuƙar.

"Cike," ya ce. Muryar da ta fito ba irin ta shafinsa na Alhamis ba ce.

Quirze ya dangwalo farin ya shafe, sau ɗaya, ya lailaye da babban yatsa. Sannan ya ɗauki faffaɗan burushi ya fara daga goshi. Girar Sadurní ta tafi, idanun suka tafi, hancin ya ɗan yi gardama ya tafi. Madrona ta sauke numfashi mai tsawo, ta zauna a kan dakali, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

Kafin farin ya sha iska Quirze ya tafi ɗakin cuku, Eudald na biye da shi. Baldiri na kwance a kan tebur tsakanin kantoci, dogon tsoho mai kunkuntar haɓa, an ɗaure masa muƙamuƙi da ƙyalle. Quirze bai zana komai ba. Ya tsaya kawai, hannu a baya, kamar mai jiran a gama magana. Eudald ya tambaye shi ta ina yake samo idanun.

"Shekara talatin muna karta da shi. Kallon da yake yi in ya ɓoye kati a hannun riga, shi zan sa. Da shi za a tsorata hadari."

Suka dawo. Ya zana ƙwai da gawayi a kan farin, ya ja layin hanci, ya sa haɓa. Hannunsa ba ya karkarwa yanzu. Eudald na tsaye a bayansa, ya manta da littafin aljihu, yana kallon yadda baƙon mutum ke fitowa a saman tsohuwar rigar shuɗi, a saman yatsun nan masu laushi, har wata mata a cikin taron ta toshe baki ta fashe da kuka tun ba a sa launi ba.

Quirze ya kai kunne ya tsaya. Ya ja tsaki.

"Kash. Senyor, kai da aka ce idonka ba ya kuskure, ga aiki. Je ka dubo min kunnensa na hagu. Leɓen kunnen a manne yake ko a sake? Na manta, kuma in na bar nan fenti zai bushe."

"Na hagu," in ji Eudald.

"Na hagu. Ka duba da kyau, kar ka zo min da sharhi."

Ya sauka daga shirayin, mutane suka buɗa masa hanya, ya bi gangaren zuwa ɗakin cuku da sauri, takalmansa na birni suna zamewa a kan duwatsu.